Goron da ya kwana a tallaja

Ina ɗan shekara tara wani mutum mai jan rawani ya zo gidanmu a unguwar Tandabawi, kusa da Harami, bayan la'asar. Ya ce shi naɗe ƙasa yake yi: ya yi asuba a Kano, ya yi azahar a Harami. Ni kam na yarda nan take, don kullum a talabijin ina kallon matsafa suna ɓacewa bat, su ɓulla a wani gari.

Umma ma ta so ta yarda. Shekara goma sha ɗaya rabonta da gida, ba ta da iƙama, takardar izinin zama, ga mahaifiyarta kwance ba lafiya a Kano. Mutumin ya ce zai kai ta ta gano ta, ta dawo kafin magariba. Ya zaro goro daga aljihu, wai da safen nan ya sayo shi a Kano.

Hajiya Kaka, uwar babana, ta miƙa hannu. Ta karɓa, ta ɓare, ta kai hanci ta daɗe tana shinshinawa.

"Malam," ta ce, "goron Kano warin ganye yake yi. Wannan a tallaja ya kwana, cikin sanyin firji kusa da albasa. Yalla, Allah ya ba da sa'a."

Ya fita yana gunaguni.

Har yau, duk wanda ya zo mini da magana mai daɗi sai na shinshina ta tukuna. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙafar Umma. Ta riga ta sa takalmi.