Gyaɗa a Hancin Mota

Ni fa duk garin nan babu wanda ya kai ni sanin ciwon mota. Ta wuce kan titi kawai in ji kukanta, zan gaya maka abin da ke damunta. To, gaskiya dai sifana ɗaya na taɓa mallaka a duniya, ita ma uwargida ta karɓe tana fasa kanwa da ita. Amma sani ai ba a cikin sifana yake ba. Shi ya sa ranar da taubashina Jatau ya zo ya zauna gefena a kan benci, ya zabga tagumi, ya ce motarsa ta daina ja, gobe zai kai a sauke inji, sai na ce masa ya dakata tukuna ya ji wani misali.

Na ce, an yi wani manomi a wani gari can nesa. Abin da ya mallaka, ban da gona, shanun huɗa guda biyu ne da wata tsohuwar a-kori-kura fara mai koriyar ƙofa, wadda yake kai amfanin gona kasuwa da ita. Yana ji da motar nan kamar ƙwai. Da kaka ta yi, aikin gona ya sha masa kai, sai ya ce ba zai bar rana ta cinye mata fenti ba, ya tura ta cikin rumfar da yake jibge buhunan gyaɗa, ya ja ƙyaure. Ta yi sati shida a ciki. Ranar da ya fito da ita ya yi lodi, ta tashi lafiya lau, amma tafiya ta gagara. Ya taka totur har ƙafarsa ta taɓa ƙarfe, ita kuwa sai nishi take tana fitar da baƙin hayaƙi, ga shan mai kamar raƙumi ya samu rijiya. A hawan gadar bakin kasuwa mai amalanke ya wuce shi, har ya waiwayo ya yi masa sannu da hanya. Ya canza filogi, shiru. Ya sa an wanke kafireta, shiru. Ya je ya zazzagi mai sayar da fetur a galan, ya ce ruwa ya zuba masa. Ƙarshe wani bakanike ya kasa kunne, ya girgiza kai, ya ce inji ya gaji, sai dai a sayo wani. Manomi ya duba gabas ya duba yamma, babu abin sayarwa sai shanun nan. Kuma ya san in suka tafi, damina mai zuwa da fartanya zai tare ta, ga baya ya fara ciwo.

Ranar kasuwa ya ɗaura musu igiya, ya fito da su yana tafe yana kau da kai, don ba ya son su haɗa ido. Sai Allah ya kawo ni. Na ce ya tayar da motar in ji. Tana yin tari ɗaya na ce, wannan ba gajiya ba ce, mura ce, hancinta ne a toshe. Na buɗe gaba, na ɓalle murfin akwatin nan da inji ke shaƙar iska ta cikinsa. Jatau, ka san me na gani? Gyaɗa ce danƙam har baki, da ɓawo, da tsummokara, ɓeraye sun yi rumbu sun yi ɗakin kwana. Sai da muka kwashe tiya guda. Muka kakkaɓe matatar iskar, muka mayar. Yana taɓa totur da ɗan yatsan ƙafa motar ta zabura kamar an tsikari doki. Mutumin nan ya zauna daɓas a ƙasa, ya yi ajiyar zuciya, sannan ya tashi ya kwance igiya, ya mai da shanunsa turke, ya zuba musu harawa har suka bari. Tun daga ranar na tsani ɓera. Duk dabbobin Allah babu azzalumi irinsa.

Jatau ya sosa gemu. Ya ce, "Zan buɗe nawa akwatin kafin in kai ta. Amma taubashi, a-kori-kura fara mai koriyar ƙofa ai guda ɗaya ce a ƙasar nan, ga ta can a ƙofar gidanka. Wanda ya ɓalle murfin kuma yayana ne, mai gyaran injin ban-ruwa. Ni na riƙe maka igiyar shanun kana sharar hawaye da hula."

Na ce masa ƙura ce ta shiga mini ido.

Ya ce, "Na ji. Amma ka rage zagin ɓera. Wa ya kai masa mota har tsakiyar buhunan gyaɗa ya ja ƙyaure? In ɓera da sata, daddawa ma da wari."