Uban da Mai Fenti Ya Zana

Kai da kake bugun ƙirji wai idonka bai taɓa yi maka ƙarya ba, matso ka ji, don irin wannan ba a kowane baki ake samunsa ba. Wani mai sayar da hatsi ne, ubansa ya tafi gabas neman arziki tun yana goye, shiru shiru har aka fid da rai aka yi masa addu'a. Ko hoto bai bari ba. Da ɗan ya girma ya sami abin hannu, begen uba ya hana shi sakat, sai ya ɗauko mai fentin manyan motoci daga tasha, ya tara tsofaffin unguwa su kwatanta masa. To ka san mutanenmu da yabon mamaci. Wannan ya ce dogo ne, wancan ya ce hanci har baka, wani ya rantse fari ne sol. Mai fenti ya gyaɗa kai, ya zano wani sambalelen mutum mai saje, aka kafa a shago saman buhunan gero. Kullum shi ne abin da mai hatsi yake fara gani da safe. Har saje ya tara irin na bangon, yana tafiya yana miƙe wuya, shi da yake guntu kamar turmi.

Ran nan wani tsoho ya sauko daga mota, gajere, baƙi, mai wushirya, ya tsaya bakin shagon, ya ce shi ne mahaifinsa. Mai hatsi ya dube shi, ya dubi bango, ya ce, "Baba, ga ubana can. Allah ya ba da haƙuri." Tsofaffin da suka yi ƙuruciya da mutumin ma suka leƙa bango, suka girgiza kai. Aka zuba masa gero sadaka a bakin riga. Ya wuni gindin ɗorawa yana kallon ɗansa, da la'asar ya hau wata mota, ba wanda ya tambayi inda ta nufa. Sai ga gwaggon mai hatsi daga ƙauye, ita da ba ta taɓa ganin zanen ba, tana haki, ta ce ta hango yayanta ta tagar mota. "Kai ko madubi ba ka da shi? Fuskarka ce fa ta tsufa." Mai hatsi ya zabura. Ya ruga tasha, mota ta yi nisa, ya cafki mai fenti ya ce wa ya zana masa. Mai fenti ya ce, "Maigida, ni ina na san shi? Direban da nake wa fenti ne a lokacin, na ga shi ya fi kama da abin da suka faɗa." Nan mai hatsi ya zube cikin baƙin mai, baki buɗe, hannu riƙe da sajen direba da ya tara a fuskarsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.