Lafiya Lau, Ranka Ya Daɗe

"Kofur, yaya jikin?" in ji babban likitan soja.

Kofur ɗin ya zabura, ya ƙame, ya sara. "Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Matarsa na zaune a gefensa. Tun da suka shiga jirgin ƙasa a Punjab take ja masa kunne: "Maigida, ƙara muka ɗaukaka, ba fareti za ka ba. Ka gaya musu duk bikin fitilu, da yara sun fara wasan wuta mai ƙara kamar bindiga, ƙarƙashin gado kake ɓuya."

Bara kwamitin likitocin soja ya hana shi kuɗin diyya, ya ce ciwonsa bai taka kara ya karya ba, tunda ya dawo daga yaƙi da hannu da ƙafa. Shi kuwa an koya masa soja ba ya kuka a gaban hafsa.

"Barci fa?"

"Kamar jariri, ranka ya daɗe."

Likitan ya juyo gare ta. "Baiwar Allah, kina da abin cewa?"

Hannunta ya kai kan mayafin da ta naɗe wuyanta da shi. Shaidar tana ƙarƙashi: sawun yatsunsa, na shekaranjiya da ya shaƙe ta cikin mafarki. Bai ma sani ba. Ta ce masa mura ce.

Ta dube shi. Rawani tsaf, lambobi na ƙyalli. Rabon da ta gan shi tsaye haka tun kafin yaƙin.

"Babu," ta ce, ta ƙara jan mayafin.

Da suka fito ya tsura mata ido. "Uwar yara, muryarki har yanzu a dashe take. Zo mu nemo miki maganin mura."