Tsarabar Wuta

Mai burodi ta zura tiren farko a tanda ke nan, aka ɗauke wuta. Ta saki salati, ta yi cilli da tsumma.

"Kullum rana ta take sai a kwashe wutarmu a tura wa manyan masana'antun bakin teku! Mu da muke kusa da madatsar ruwan, mu ne 'yan kallo?"

Buhun fulawarta na ƙarshe ta kwaɓa, domin an daɗe kaya bai iso garin ba. In kwaɓin nan ya lalace, gobe sai rufe shago.

Tana cikin faɗa ta ji hon a ƙofa. Ƙaninta ne, direban babbar mota, ya diro yana murmushi, motar maƙare da buhuna.

"Yaya, ga fulawa!"

"Kai, ɗan albarka! Ina kuka samo ta?"

"Bakin teku mana. Injin niƙansu ne ya kwanta saboda rashin wuta. Da aka fara tura musu wutarku da rana, sai ya tashi."

Ta dubi tandar da ta mutu, ta dubi buhunan, ta shafa ɗaya, garin ya manne mata a tafi. Sai ta fashe da dariya, ta ƙwala wa mijinta kira.

"Maigida, taimaka da itace mu hura tsohon murhu, kar kwaɓin ya wuce. Ashe wutar tamu ci-rani ta tafi. Zo ka ga tsarabar da ta aiko mana."