Wanda Ya Yanke Wayar Mita

"Tir da wannan hali!" Alhaji Abdulbaƙi ya tofar da yawu kusa da tsohuwar Fijo da ya sayo a Gwandu makon jiya. Tun daga can har garejin Kalgo, allurar mitar gudu ko motsi ba ta yi ba.

Tsohon makaniki, Malam Yusufu, ya fito daga ƙarƙashin motar riƙe da waya. "Ba tsinkewa ta yi ba, Alhaji. Mayar da lambar tafiya baya aka yi, sannan aka yanke ta, don a rufe mai saye."

"Ka ji ko? Mutane ba su tsoron Allah! Wallahi yau sai na tona asirin wanda ya sayar mini a bainar jama'a."

Yusufu ya ƙura wa motar ido, ya kankare fentin ƙofa da farce. Shuɗi ya leƙo ƙarƙashin fari.

"Ƙyale bawan Allah, shi ma haka ya same ta. Shuɗiyar motarka ce ta da, Alhaji. Shekara ashirin ke nan, a nan ka tsaya ka ce in yi sauri in yanke kafin mai saye ya iso."