Takalman Manoma

Ma'aikaciyar jinya ta ɗaura wa matar wani manomi ruwan maganin dafi, ta dubi kumburarriyar ƙafar, sannan ta juyo gare shi.

"Baba, a gona ne?"

"A gona. Abinci ta kawo min, ta ratso ciyawa, maciji ya sare ta."

"Ba a raba muku dogayen takalman roba ba?"

"An raba wa manoma."

Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ita ke bin bayansa da iri, ita ke ɗaukar dami, amma bai taɓa lissafa matar tasa cikin manoma ba. Ya sunkuyar da kai. Takalman na ƙafarsa har gwiwa. Silifas ɗinta, wari guda, yana hannunsa.