Jan Suna a Farin Dutse

Suna ɗaya ne ya hana Malam Barau sakat. Duk safiyar da ya buɗe kwamfuta a ofishin shiyya na Birnin Kudu, sai ya tarar da shi cikin ja: Nasiha Hambali, allurar ƙyanda, ta wuce lokaci da wata bakwai.

Shekara guda ke nan da aka kwashe manyan littattafan rajista daga ƙananan asibitoci aka raba kwamfutar hannu, kuma wata biyar da aka ɗora wa Barau duba aikin. Tsarin ba shi da wuya. A shigar da sunan yaro, sunan uba, unguwa da lambar waya. Idan lokacin allura ya yi, na'ura da kanta take aika wa uwa saƙo duk Talata da safe, ta kira ta maman wane, ta ce a kawo shi. Ba ta gajiya, ba ta kunyar kowa. Saƙon ba ya tsayawa sai ma'aikaci ya danna ɗaya cikin uku: an yi, sun ƙaura, ko ya rasu.

Abin takaicin shi ne, daga asibitin Malama Zuliha Abu sunan ya fito, can a wani ƙauye na mazaɓar Farin Dutse ta Gwaram. Ita ce kuwa abin alfaharinsa. Lokacin da wasu ke riƙe na'urar kamar garwashi, ita kwana biyu ta yi ta iya, har ta koma tana koya wa na gaba da ita. Idan sabis ya ɗauke, dutsen bayan asibiti take hawa da hijabinta ta aika rahoto. Da ya duba takardunta, hutu ɗaya tal ya gani, na kwana bakwai a daminar da ta wuce.

To, ga ƙa'ida ta zo: duk asibitin da ya bar suna cikin ja fiye da wata shida, a sauke shugabarsa. Ranar Juma'a rahoto zai tafi sama. Sau uku Barau yana kiran ta a layin ofis kan maganar, sau uku tana cewa, "To, Malam." Sunan bai motsa ba.

Ranar Talata ya buga sammako a babur. Ƙarfe takwas ta same shi a ƙofar asibitin, mata sun riga sun cika benci da goyo. Yana sallama wayarta ta yi ƙara a ƙarƙashin hijabi. Ta ciro, ta tsaya kallon fuskar wayar fiye da yadda saƙo ɗaya ke buƙata, sannan ta mayar ta amsa masa. Barau ya haɗiye fushinsa. Ga aiki yana shirin kuɓuce mata, ita kuwa waya ce a gabanta.

Ya jira ta sallami matan. Duk yaron da ta ɗauka da sunansa take kiran sa, tana yi masa wasa har allura ta shiga ta fita bai farga ba. Barau ya ji tausayinta ya kama shi, haushi kuma ya ƙaru.

Ya ajiye na'urar a tebur, ya nuna jan layin. "Malama, Nasiha Hambali. Kin san gidansu?"

"Na sani."

"Sun ƙaura ne?"

"Suna nan."

"Uwar ce ta ƙi kawo ta? In mijin ne ya hana, mu je wurin mai unguwa yanzu."

"Ba wanda ya hana, Malam. Yarinyar nan dai... a ƙara mini lokaci."

Yarinyar nan. Haka take cewa ko a waya, kamar sunan zai ƙona mata baki. Barau ya ɗauka raini ne, irin na ma'aikacin da aka yaba wa har kansa ya kumbura. Ya yi mata bayani dalla-dalla: dannawa ɗaya ce tsakaninta da kujerarta, kuma duk wanda za a kawo a madadinta ba zai hau dutse don yaran ƙauyen nan ba. Ta sunkuyar da kai tana gyara kwalaben allura da suke a gyare.

Haƙurinsa ya ƙare. In ita tana jin nauyin uwar, shi ba ya ji. Ya buɗe bayanan yarinyar, ya kwafi lambar da ke ƙasan sunan uba, ya danna kira.

"Malam, don Allah," ta ce.

Ya ɗaga mata hannu, ya kara wayar a kunne. Kiran ya shiga.

A cikin ɗakin ƙarar ta tashi, daga ƙarƙashin hijabin Zuliha. Ba ta ɗauka ba. Ta ciro wayar a hankali ta miƙa masa, sai ga saƙonnin Talata jere, ba ko ɗaya da aka goge, kowanne ya fara da "Maman Nasiha". Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"'Yar fari ce, Malam, har muka binne ta a damina kunya ba ta bar ni na kira sunanta ba, kuma in na danna, babu sauran mai kira na da shi."